Jihar shinkafa amma yara na tsumburewa, wai ina matsalar take?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya ɗaure min kai ina so masana su warware min. A watan Nuwamba 2015 Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, aka ba manoma bashin iri da taki da injin ban ruwa, fadamu suka cika da shinkafa rani da damina har muka haɗa gwiwa da Legas aka fitar da shinkafar Lake Rice. To amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa (NDHS) na 2018 ya nuna Kebbi ce kan gaba a yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka tsumbure, kashi 66 cikin ɗari, Jigawa 64, Katsina 61, Anambra kuwa 14 kacal. Duk jihohin noma ne fa waɗannan namu. Wai shirye-shiryen noman nan suna kaiwa cikin yaro kuwa, ko a buhu suke tsayawa?

Maman Hanif:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na karkara, ranar awo nake ganin amsar tambayarka. Za ka ɗaura wa yaro tef ɗin awo a dantse ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ka tambayi uwar me yake ci ta ce kunu, ka ce kunun me ta ce na gero, kuma tsararo ne kamar ruwa ba gyaɗa ba madara ba ko ɗigon mai, da dare a lasa masa tuwo da miyar kuka shi ke nan. Kuma wlh sau da yawa mijin nan manomi ne na gaske, ya noma wake ya noma waken suya ya noma gyaɗa, amma duk na kasuwa ne, mota ke zuwa har bakin gona ta kwashe. Kuɗin idan sun shigo akwai bashin taki, akwai babur, akwai aurar da 'ya, wani ma ƙarin aure. Kaji na yawo a tsakar gida amma ƙwan na sayarwa ne, wasu har yau suna cewa in yaro ya saba cin ƙwai zai yi sata. Ga ruwan sha, yaron da ke zawo duk sati ko me ka ɗura masa ba zai zauna ba.

Bamaraɗe:
Mu nan Nijar mun ga wannan da idonmu a 2005. Jihar Maraɗi ita ce rumbun ƙasa, amma nan ne tamowa ta fi kashe yara, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun kula da yara sama da 60,000 a shekarar, galibinsu daga nan. Kuma hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne talaka ba shi da su. Manomi ya sayar da gero da kaka a wulaƙance don ya biya bashi, in damina ta faɗi rumbu ya ƙare ya dawo yana sayen tiya da tsada, lokacin ne kuma masassarar cizon sauro ke kama yara, uwa tana gona tun safe ta bar jinjiri hannun yayarsa 'yar shekara bakwai. A Mali ma haka, yankin Sikasso mai auduga da ruwan sama ya daɗe cikin yankunan da yara suka fi tsumburewa. Abin da na ga ya ɗan yi tasiri a garinmu shi ne furojen da ya ba mata awaki irin na habbanaye, a ba mace akuya ta haihu ta riƙe 'ya'yan ta miƙa uwar ga wata. Akuyar mace tata ce, mai gida ba ya kai ta kasuwa sai da yardarta, nonon kuma cikin kunun yaro yake shiga.

Malamin Gona:
Ɗan Argungu a yi wa shirin adalci kaɗan. Anchor an yi shi ne don a rage shigo da shinkafar waje, ba wanda ya tsara shi da yaro ɗan wata takwas a ransa, kuma daga 2015 zuwa 2018 bai isa ya goge abin da ya daɗe ba, tunda tsumburewa tana farawa tun daga ciki har yaro ya kai shekara biyu, kwana 1,000 ɗin nan da ake faɗa. Amma gsky tambayarka tana kan hanya. Tun shekarun 1980 aka bincika manoman rake a kudancin Nyanza ta Kenya, kuɗin shigarsu ya ƙaru sosai amma jikin yaransu bai wani bambanta da na maƙwabta ba.

Shirye-shiryen da suka yi aiki su ne waɗanda aka nufi tukunya da su tun farko. A Mozambik da Uganda an raba wa mata irin dankalin Hausa mai jan ciki kamar karas, aka haɗa da koya musu yadda za su ba yara, bitamin A da yaran ke samu ya ƙaru ƙwarai, har waɗanda suka jagoranci aikin suka ci kyautar abinci ta duniya a 2016. A gabashin Burkina Faso ƙungiyar Helen Keller ta ba mata lambu da kaji tare da tsofaffin mata da ke bi gida gida suna faɗakarwa, aka ga zawo da ƙarancin jini da rama sun ragu. To amma ko a can tsayin yara bai wani motsa ba, wannan sai an haɗa da ruwa mai tsafta da rigakafi da lafiyar uwar kanta. Mu ma muna da masara mai bitamin A tun 2012, Nijar kuma ta fitar da geron Chakti mai sinadarin ƙarfe a 2018, matsalar iri ne ba ya isa ƙauye. Wani abu kuma Hajiya, gyaɗar da ake tsincewa mai kyau a kai kasuwa a bar ruɓaɓɓiya a gida don ƙuli da kunu, ruɓaɓɓiyar nan akwai gubar aflatoksin a ciki, a riƙa gaya wa mata.

Abu Zamfara:
Ku dai kuna ta ɗora wa magidanta laifi. Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, ko sai ya biya haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, wane waken suya zai ajiye? A wajenmu fara samun tuwon ma shi ne magana.

Maman Hanif:
Allah ya kawo mana ƙarshen abin Malam Abu, ba wanda ya musa maka, 'yan gudun hijira su suka fi cika mana layi. Amma tun kafin rashin tsaron nan muna da tamowa. Ga masu hali ko kaɗan ne, garin tom brown muke koyarwa: kwano 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire wa waken suyan ɓawo, a niƙa tare. A dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali, in da garin zogale a barbaɗa. Wanda tef ya nuna ja kuwa ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi a ba shi madarar tamowa, kada a tsaya dama kunu.

Ɗan Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malamin Gona dan Allah wannan dankalin yana yi a fadama bayan an cire shinkafa? In yana yi a ina ake samun igiyarsa a nan arewa maso yamma, ina so matan gidanmu su gwada ko kunya biyar ce bana.