Ambaliya ta shiga ɗakin ɗinki: ta ina za a fara?

Tambaya: Jama'a, ruwan sama ya mamaye ɗakin ɗinkin jakunkuna, keke da yadi duk sun jiƙe. Masu saye na son taimakawa. Mene ne abin yi?

Amsa: Sannu da wannan jarrabawa. Kada ki jona keken da wuta, danshi zai iya ƙone injinsa. Kwance allura da gidan zare, goge laka, busar, sannan ki ɗiga man keke kafin tsatsa ta kama.

Amsa: Yadi ba ya jira, 'yar'uwa. Cikin awa 24 zuwa 48 yake fumfuna. Wanke da sabulu, shanya a rana. Soso da kwalin da ake sa wa jaka kuwa zubarwa za a yi.

Amsa: Karɓi rabin kuɗi na aikin da za ki iya gamawa kawai, ki faɗa wa masu saye gaskiyar ranar da za ki gama.