Neman shawara: bin sawun samfurin majinyata ta na'ura tun daga lokacin ɗauka

Shugabar Jinya, Daura:

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ni ce mai kula da sashen jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Daura, kuma hukumar asibitin ta ɗora mini nauyin kawo shawara a kan yadda za mu koma amfani da na'ura wajen bin sawun jini da fitsari da kakin da muke karɓa daga majinyata. A halin yanzu da biro muke rubuta suna da lambar kati a jikin kwalba, mu sake rubutawa a takardar neman gwaji, sannan a shigar a babban littafin ɗakin gwaji.

Gwaje-gwajen da muke yi a nan gida, irin su na zazzaɓin cizon sauro da na auna yawan jini, ba su cika tayar mini da hankali ba. Damuwata tana kan waɗanda muke aikawa Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, domin da zarar kular sanyin da ke ɗauke da samfurin ta bar hannunmu ba mu da hanyar sanin halin da take ciki sai ta kiran waya, kuma idan sakamako ya dawo da sunan da ya yi kama da na wani majinyacin, babu abin dogaro sai rubutun hannu, wanda wataƙila danshin ƙanƙara ya riga ya dusashe shi.

Wani mai sayar da kayan kwamfuta ya ce mana firinta ɗaya da sikana ɗaya sun wadatar, wato a ajiye su a ɗakin gwaji, a buga sitika masu lambar bakod (layukan da sikana ke karantawa) da sunayen majinyata da safe, a rarraba wa ɗakunan kwanciya. Ina roƙon waɗanda suka san aikin nan su faɗa mini ko wannan tsari ya isa, da kuma yadda ake yi idan babu wuta ko babu sabis.

Masanin Gwaje-gwaje, Katsina:

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin a kashe kuɗi. Amsata a taƙaice ita ce wannan tsari bai isa ba, kuma zai iya zama mafi haɗari fiye da biron da kuke amfani da shi yanzu. Dalili shi ne, sitikar da aka buga da safe da sunan mutum, aka riƙe ta a hannu tare da wasu goma ana zagaya gadaje, babu abin da zai hana a manna ta a kwalbar maƙwabcinsa. Idan kwalbar ta iso wurinmu, sikana za ta karanta ta ba tare da wata matsala ba, na'urar gwaji za ta auna jinin daidai, sakamako kuma zai fita a tsaftace da sunan wanda ba shi ne mai jinin ba. Rubutun hannu mara kyau yakan sa mu tsaya mu yi tambaya, amma sitika mai kyau ba ta sa kowa shakka.

Binciken da Farfesa Mario Plebani da abokin aikinsa suka wallafa daga birnin Padua na Italiya a 1997, suka kuma maimaita a 2007, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran ɗakin gwaji suna faruwa ne kafin samfur ya kai ga na'ura, wato wajen ɗauka da sa suna da jigila. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2007 kan tantance majinyaci, ta ce a yi amfani da shaida aƙalla biyu, kada lambar ɗaki ta zama ɗaya daga cikinsu, kuma a sa wa kwalba suna a gaban majinyacin. Na'ura ba ta zo ta sauya wannan ƙa'ida ba, ta zo ne ta tilasta bin ta.

Ga yadda ake yi inda tsarin ya zauna. Likita yana shigar da buƙatar gwaji a kwamfuta. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa bakin gado da ƙaramar na'urar hannu, ta fara karanta lambar katin aikinta, sannan ta karanta lambar da ke jikin munduwar roba da aka ɗaura wa majinyaci ranar da aka kwantar da shi, ta kuma nemi ya faɗi sunansa da bakinsa. Sai na'urar ta nuna mata gwajin da ake nema da irin kwalbar da ta dace, misali mai murfi ruwan shanshanbale domin ƙidayar ƙwayoyin jini da gwajin sikila, ko mai murfi ruwan toka domin sukari. Bayan ta ɗebi jinin, ƙaramar firinta da ke kan tiren aikinta za ta fitar da sitika nan take, ta manna, ta sake karanta kwalbar kafin ta bar wurin. Da wannan ne kwamfuta take riƙe abu huɗu da ba a iya musantawa: jinin wane ne, wa ya ɗauka, a ina, da ƙarfe nawa. Ƙa'idar ISO 15189, wadda ake auna ingancin ɗakunan gwaji da ita, ita ma tana neman a rubuta wanda ya ɗauki samfur da ranar da aka ɗauka.

Kada a raina maganar lokaci, musamman tunda kuna aikowa daga Daura. Jinin da ba a tace ba yana rasa kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sukarinsa a kowace awa, domin ƙwayoyin jinin suna ci gaba da cin sa a cikin kwalba, sinadarin potasiyam kuma yana fitowa daga jajayen ƙwayoyi ya hau idan jinin ya daɗe ko ya sha sanyi. Idan na san ƙarfe nawa aka ɗauka, zan san ko in yarda da sakamakon ko in nemi a sake.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarin jini, domin kwalba ɗaya da aka yi wa suna ba daidai ba tana iya sa a ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba, kuma wannan yana kisa. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashe da dama, aka wallafa a 2019, ya gano cewa inda ake tantance majinyaci da na'ura a bakin gado, samun jinin wani a kwalba mai sunan wani ya ragu da kusan ninki biyar. Idan kuɗinku bai kai ku yi ko'ina ba, ku fara da samfurin ƙarin jini.

Ungozoma, Katsina:

Na goyi bayan Malam, kuma ina so in ƙara abin da masu kawo manhaja daga waje ba su cika sani ba game da mutanenmu. Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan suna da ranar haihuwa, alhali da yawa daga cikin matan da muke karɓa daga ƙauyuka ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, sai mai rajista ya ƙiyasta shekaru ya sa musu 1 ga Janairu. Sunaye kuma suna maimaituwa ƙwarai, ta yadda samun mata biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a ɗaki guda ba abin mamaki ba ne. Ga kuma matar da katinta ke ɗauke da A'isha amma Indo kawai take amsawa, ko Fatima da kowa ya sani da Binta, sannan wata ta yi rajista da sunan mahaifinta a zuwan farko, a zuwa na biyu kuma ɗan rakiya ya ba da sunan mijinta. Wata kuma saboda kunya ba za ta furta sunan mijin nata ba ko da an tambaye ta. Don haka lambar asibiti guda ɗaya da ba ta sauyawa ita ce ginshiƙi, kuma dole a tsaftace rajista a haɗe katunan da suka zama biyu kafin a sayi ko da firinta ɗaya.

Jarirai su ne suka fi buƙatar munduwa, domin ba su da suna sai ranar bakwai, kuma a cikin wannan makon ne ake yawan ɗibar jininsu saboda ciwon shawara. A ba jariri lambarsa ta kansa tun a ɗakin haihuwa, a haɗa ta da ta uwarsa a kwamfuta, kada a bari ya yi amfani da lambar uwa. Tagwaye kuwa kowanne da tasa lambar da tasa munduwar, a ɗaura a ƙafa tun kafin a ɗauke su daga gadon haihuwa. Ina kuma roƙon a riƙa tambayar mace "mene ne sunanki", a daina cewa "ke ce Wance", domin mace mai naƙuda ko mai jin nauyin ma'aikaci za ta iya amsawa da "eh" ba tare da ta ji abin da aka ce ba.

Jami'in Sa Ido kan Cututtuka:

Ina girmama bayanin Malam, sai dai ina jin tsoron kada Sista ta karanta shi ta ga cewa idan babu firinta a kowane gado to babu abin da za ta iya yi. A aikin shan inna mun daɗe muna bin sawun samfur a wuraren da babu ko wutar lantarki. Duk yaron da ya sami shanyewar gaɓa kwatsam ana ba shi lamba guda da ke nuna ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma da shekara da jerin lambarsa, a karɓi bayan gidansa sau biyu da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana 3. Lambar nan ɗaya ce a jikin roba da takarda da kwamfuta, kuma irin wannan tsantseni yana cikin abin da ya sa aka iya tabbatar wa nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020 cewa ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Shawarata ga ƙaramin asibiti ita ce a buga sitika masu lamba zalla, babu suna, kowace lamba kwafi uku a jere. A bakin gado sai a karanta munduwar majinyaci da wayar hannu, a ɓallo jere ɗaya, a manna a kwalba da takarda da littafi, a karanta lambar domin ta ɗauru da majinyacin a wannan lokacin. Game da jigila kuma, ita kanta kular a ba ta lamba, a karanta kowace kwalba yayin sa ta ciki, ɗan aike ya karanta lambar kula lokacin karɓa, ɗakin gwaji na Katsina ya karanta lokacin isowa. Idan kwalba 12 suka tashi daga Daura aka ga 11, a ranar za a sani.

Mai Harkar Kwamfuta, Katsina:

Hajiya, game da wuta da sabis, ki gindaya wa mai sayarwa sharaɗi a rubuce cewa manhajar za ta yi aiki a kan kwamfutar da ke cikin asibitin ko a kan wayar kanta ba tare da intanet ba, ta adana bayanai har sabis ya dawo sannan ta tura. Kwamfuta ɗaya da na'urar rarraba sabis da cajin wayoyi ba sa cin wuta da yawa, ƙaramar sola da batir za su riƙe su. A tanadi kuma takardun cikewa da hannu domin ranar da komai ya tsaya, tare da bayanin wanda zai shigar da su daga baya.

Ki kula da irin sitikar. Wadda ake bugawa da zafi kai tsaye, irin ta rasidin POS, tana baƙi ko ta dusashe a zafin watan Afrilu, kuma sifirit yana ɓata ta. Ki nemi wadda aka yi domin ɗakin gwaji, ki gwada ta da kanki a cikin kula mai ƙanƙara kafin ku saya da yawa. A manna ta a tsaye bisa tsawon kwalba, domin idan jerin layukan ya zagaye kwalbar sikana ba za ta karanta ba. Kowane ma'aikaci kuma ya shiga da nasa sunan da kalmar sirrinsa, domin idan mutum biyar suna amfani da shiga ɗaya, bayanin wanda ya ɗauki jini ya zama banza. A daina kuma tura hoton sakamako ta WhatsApp, saboda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Shugabar Jinya, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da zan kai wa hukuma shi ne mu fara da gyaran rajista da munduwa, sannan sitika masu lamba zalla ga samfurin da muke aikawa Katsina. Malam, ko ka yarda da wannan hanya ta Jami'in Sa Ido? Kuma me za mu yi idan kwalba ta iso babu sitika, amma wadda ta ɗauka ta ce ta tabbata ta san mai ita?

Masanin Gwaje-gwaje, Katsina:

Na yarda da ita, Sista, domin lambar da ba ta da suna ba ta zama ta kowa ba sai an ɗaura ta a gaban majinyaci, kuma wannan ya bambanta da abin da mai sayarwa ya kawo muku. Sharaɗina ɗaya ne, kada a ɓallo jere na biyu sai an gama da majinyaci na farko, kuma ku tuntuɓi ɗakin gwajin da kuke aika wa tun yanzu ku tabbatar sikanarsu tana karanta irin lambarku. Kwalbar da ta iso babu shaida kuwa a ƙi karɓarta a sake ɗiba, ko da wadda ta ɗauka ta rantse, kuma a samfurin ƙarin jini babu sassauci ko kaɗan. Inda ake iya duba uzuri shi ne samfurin da ba a iya sake samu cikin sauƙi, kamar ruwan ƙashin baya ko tsokar da aka yanko a tiyata, shi ma sai likitan da ya ɗauka ya zo da kansa ya sa hannu cewa ya ɗauki alhakin tantancewar, a kuma rubuta hakan a jikin sakamakon. Ku riƙa ƙirga kwalaben da aka mayar a kowane wata da dalilin mayar da su, ku tattauna a taron ma'aikata ba tare da kunyata kowa ba, domin ma'aikaciyar da ke tsoron hukunci za ta manna sitika a ɓoye ne maimakon ta sake ɗibar jinin.