Azumi ne ko zaman yunwa? Yadda aka kwashe ta a zauren matan unguwarmu

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ni dai yau sai na amayar da abin da ke cina, mai zagi ya zaga. Jiya bayan isha'i na aiki yaro bakin titi ya siyo min gurasa bandashe da tsire, na cinye tas. Na buɗe firij na ɗauko shinkafar rana da sanyinta, a tsaye na ci, ko cokali ban nema ba. Na bi da alkaki huɗu cikin na garar da aka kawo mana. Wallahi ba yunwa nake ji ba, kamar tura ni ake yi. Da na gama na cusa ledojin can ƙasan kwandon shara kar Abban Ilham ya gani. Yau na tashi da azumi don in rama, gobe ma haka, na kuma sha shayin rage ƙiba kofi biyu. Na san jibi da daddare zan koma gidan jiya. Wata bakwai ke nan. Na gaya wa yayata, wai haɗama ce. Ni na ce ba haɗama ba ce, cuta ce.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye miki. Amma gyara kaɗan, kar ki ce azumi. Azumi ibada ce, da niyya ake yin ta. Wanda ya ƙi ci don tumbi ya sauka, zaman yunwa ya yi.

Anti Bilki: To Malama kin shiga zuciyarta ne? Ta yi sahur, ta kame har magariba. Me ya rage?

Maman Ilham: Ban yi sahur ba Anti.

Malama Hadiza: Kun ji ko. Kuma da bakinta ta ce "don in rama". Rama me? Ramadan ake ramawa, ba gurasa ba.

Anti Bilki: Sahur ai ba sharaɗi ba ne. Ke da kike koyar da yara ya kamata ki fi mu sani.

Zee Kantin Kwari: Rama take nufi ko ramewa? Don ni na ga ramewar take nema.

Malama Hadiza: Ban ce sharaɗi ba ne. Niyya nake magana. Annabi (SAW) ya hana wisali, wato haɗa kwanaki ana azumi ba a buɗa baki, don tausaya mana. Ya kuma ce a kasa ciki uku, abinci, ruwa, numfashi. Da an bi wannan da duk ba a zo nan ba.

Anti Bilki: Kashi uku? A walimar saukar 'yar Hajiya Balaraba dai na ga wata ta kasa cikinta kashi ɗaya, har da ƙunshi a leda.

Malama Hadiza: Yara na ɗaukar wa. Allah ya isa idan da ni kike.

Nas Rabi: Don Allah ku dakata, yanzu na sauko daga aiki. Maman Ilham, abin da kika kwatanta ya yi kama da abin da likitoci ke kira bulimiya, sai dai likita ne zai tabbatar. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Gerald Russell, ya bayyana shi da wannan suna tun 1979. Gimbiya Diana ma ta faɗa da bakinta a hirar BBC ta 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da shi, ita da ba ta rasa ci ba ta rasa sha ba. Abin da nake so ki gane, ramuwar ce ke jawo cin. Jikin da kika hana abinci yini guda, da daddare zai zo karɓar bashinsa har da riba. A Amurka, tsakanin 1944 da 1945, an gwada da maza 36 lafiyayyu, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Da aka sake su, wasunsu suka riƙa ci ba sa iya tsayawa, alhali da ba haka suke ba. Maganin farko shi ne ki daina ramawa. Ko kin kwana kina ci, da safe ki karya, ko da koko da ƙosai biyu. Ki ci sau uku, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kar ki wuce awa huɗu ciki ba komai. Azumin nafila ki jingine shi tukuna. Shayin nan kuma ki ajiye shi, da yawansu filasko ne a ciki. Filasko a babban hanji yake aiki, bayan jiki ya gama tsotse abincin tun a ƙaramin hanji. Ruwa kawai kike zubarwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa.

Hajiya Balaraba: Nas, ki ce wasu shayin. Nawa daga Dubai ake kawo min, ba tarkacen kasuwa ba ne. Mata nawa a zauren nan suka sha suka dawo suka ƙara? Ku yi magana mana.

Zee Kantin Kwari: Ni na sha. Siket ɗina ya yi min yawa cikin sati.

Nas Rabi: Bayan kin daina fa?

Zee Kantin Kwari: Wannan kuma sirrina ne.

Nas Rabi: Ban ambaci sunan kowa ba Hajiya. Maman Ilham, ki je Asibitin Malam Aminu Kano, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ki yi musu bayani kamar yadda kika yi mana.

Anti Bilki: Taɓ! Daga cin gurasa sai Dawanau? Mahaukaciya kika mayar da ita?

Nas Rabi: Ni na ce Dawanau? Kuma ko can ɗin ne, asibiti ne. Mai damuwa da mai rashin barci duk likitocin nan suke gani.

Malama Hadiza: Ni abin da ya tsaya min, Nas ta ce a jingine azumi. Litinin da Alhamis ɗin ma? Boko ya kai mu nan?

Anti Bilki: Au, yanzu kuma ya zama azumi? Ɗazu ba yunwa kika ce ba?

Malama Hadiza: Nata ne yunwa. Ni sunna nake karewa.

Hajiya Balaraba: Ma'aikatan asibiti dama ba sa son ganin wani ya samu. Ranar da na kai jikata layi, ko kallona ba ki yi ba.

Nas Rabi: Ba a sashena nake ba ranar, Hajiya, na gaya miki sau uku.

Maman Ilham: Ni fa tambayata, haɗama ce ko cuta?

Zee Kantin Kwari: Wai gurasar wa kike siya? Ta bakin masallaci ta lalace, barkono kawai suke zubawa ba ƙuli.

Uwar Zaure: To jama'a dare ya yi, zan rufe. Abin da aka cimma: an tabbatar ba a kiran abin da ba niyya azumi, godiya ga Malama da ta kawo hujja, ita kaɗai ta kawo. Nas ta yi dogon bayani na Turawa, mai lokaci ya koma ya karanta. Shayin Yaya Balaraba ba a same shi da laifi ba, akwai ma wadda ta ba da shaida, don haka kar in ƙara jin an ɓata wa mutum sana'a a zauren nan. Bilki, wannan ne karo na biyu, na uku fita za ki yi. Maman Ilham ki rage haɗama, ki yawaita istigfari. Masu adashe, Juma'a ce ƙarshe, mutum huɗu ba su zuba ba.