Bayan sakandare: shawarwarin da aka tattaro a Kaduna

Malaman da suka tattauna batun neman gurbin karatu sun fara ne da takardar sakamako. Sai ɗalibi ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wanda bai cike ba, gara ya sake zaunawa kafin ya kashe kuɗin JAMB.

Inda aka fi jan hankali shi ne haɗa darussa. Huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya. Mai neman likitanci a ABU Zariya da ya ɗauki Lissafi maimakon Bayoloji ya rasa gurbi komai yawan makinsa. Sannan suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da sakamakon sakandare. Harafi ɗaya kan jawo yawon gyara na watanni. A ɗora sakamakon a CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbin karatu, a karɓi gurbin a can. Gurbin da aka bayar ta bayan fage yakan hana mutum bautar ƙasa.

Ba kowa ne sai jami'a ba, ko da yake iyaye ba sa son jin wannan. Kwalejojin fasaha na Kadpoly da Nuhu Bamalli suna ba da ƙaramar difloma (ND) a shekara 2, daga nan ko babbar difloma (HND), ko shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. IJMB, karatun share fagen shiga aji biyu na jami'a, ma hanya ce. Mai son koyarwa ya duba Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya.

Kan kuɗi, a lissafa haya, abinci da mota; ɗan cikin gari da ya zaɓi jami'ar jiha, KASU, ya tsira daga kuɗin ɗaki. Kuɗin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ɗalibai, rance ne, za a biya.