Neman Kalma: Me Za Mu Kira Wanda Ke Tsakanin Mai Kira da Mai Gabatarwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina rubutu ne a kan Rush Limbaugh, mai gabatar da shirin tattaunawa a rediyon Amurka, wanda ya rasu ranar 17 ga Fabrairun 2021 yana da shekara 70. A 1988 aka fara yaɗa shirinsa a faɗin ƙasar, ya zama shirin sa'a uku a kullum daga Litinin zuwa Juma'a, har ya kai ana kama shi a tashoshi wajen 600. Inda na tsaya shi ne kan James Golden, wanda masu sauraro suka fi sani da laƙabin Bo Snerdley, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana karɓar kiran jama'a kafin a sada su da Limbaugh. Turawa na kiran mai wannan aiki "call screener". Na rubuta "mai ɗaga waya", amma raina bai kwanta ba. Ina neman shawarar masana.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Gara da ranka bai kwanta ba, domin ɗaga wayar shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Mutumin yana zaune ne a ɗakin sarrafa na'urori, gilashi ya raba shi da mai gabatarwa, layuka da yawa suna ƙara a lokaci guda. Duk wanda ya kira zai tambaye shi sunansa da garinsu, sannan ya nemi ya faɗi abin da ke bakinsa a taƙaice, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙin nan zai gane ko mai kiran yana da magana, ko layinsa ya fita sosai, ko kuwa zagi ne ya kawo shi. Idan ya gamsu sai ya rubuta bayanin a kwamfuta, mai gabatarwa ya gani a allon da ke gabansa ya zaɓi wanda zai fara da shi. Shi ne kuma ke roƙon mai kira ya rage sautin rediyonsa, saboda yawancin irin waɗannan shirye-shirye ana jinkirta fitar sautinsu da kamar daƙiƙa bakwai domin a samu damar katse ashar kafin ta kai kunnen jama'a, kuma wanda ke jin muryarsa tana dawo masa a makare yakan rikice. Ni dai "mai tace kira" nake ba da shawara.

Malamar Hausa:
Allah ya ƙara girma, Baba, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja kan "tace". A kunnen mai karatu na yau kalmar ta riga ta manne da hukumomin tace fina-finai da littattafai, don haka za a ɗauka mutumin yana nan ne domin toshe bakin masu saɓanin ra'ayi, alhali shirin da kowa ke cewa "haka ne" ba ya riƙe mai sauraro, kuma gwanin wannan aiki yakan nemo mai jayayya da gangan. "Tantance" ta fi dacewa, kamar yadda ake tantance 'yan takara, wato a duba cancanta a zaɓa. Sannan mutane ake tantancewa, saboda haka "mai tantance masu kira" ya fi "mai tantance kira" daidai.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Na karɓi gyara, Malama. Sai dai sunan ya yi tsawo ga bakin ma'aikata, waɗanda ke magana da juna ana saura daƙiƙa goma a dawo daga talla. Me zai hana mu ɗauko "mai iso"? Wanda ke yi wa baƙo iso yana jin sunansa da buƙatarsa, ya shiga ya sanar, ya dawo ya ce a shigo ko a dakata, kuma aikin ke nan ba ragi.

Malamar Hausa:
Kalmar ta yi daɗi, kuma gajera ce. Raunin ta ɗaya: mai iso ba ya cika hana shiga da ra'ayin kansa, izini yake nemowa daga sama, shi kuwa namu yana sallamar mafi yawan masu kira ba tare da mai gabatarwa ya san sun kira ba. Duk da haka ma'ana takan faɗaɗa idan masu sana'a suka riƙe kalma. A kula kuma kada a haɗa shi da furodusa, wato mai tsara shiri, ko da yake a ƙananan tashoshi mutum ɗaya ne ke yin aikin biyun.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. A rubutuna zan fara da "mai tantance masu kira" a ambato na farko, in bi shi da bayanin aikin, daga nan in ci gaba da "mai iso". Saura wanda ke zaune gaban na'urar haɗa sauti yana riƙe da maɓallin katsewa, wanda har yanzu "injiniya" kawai nake kiransa.