Shawarwari Kan Tsofaffin Kabad na Ajiye Cuku a Amurka ta Zamanin Mulkin Ingila

A wata tattaunawa kan yadda ake gane irin waɗannan tsofaffin kabad, masu tattaunawar sun yi ittifaƙi cewa kafin 1776, shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta, manoman yankuna irin su Rod Ailan, wanda ya yi suna da cuku, suna jera shi ne a kan kantocin katako cikin ɗaki mai sanyi, suna juya shi kullum suna shafa masa man shanu don kada ɓawonsa ya tsage. Saboda haka kabad na gaskiya yana da hanyar shigar iska, kuma sau da yawa tabon maiƙo yana nan a jikin kantocinsa.

Sun fi daɗewa a kan tantance shekaru. Ƙusar da maƙeri ya ƙera da hannu alama ce mai kyau, domin ƙusar inji ba ta yaɗu ba sai bayan 1790, kabad mai ƙofar kwano da aka huhhuda kuwa galibi na bayan 1800 ne, ko da mai sayarwa ya rantse cewa ya fi haka tsufa.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce kada a kankare tsohon fenti, domin darajar kayan tana tare da shi. Sai dai yana iya ƙunsar dalma, don haka kada a ajiye abinci a ciki.