Tantanin da aka sauya wa sana'a: neman kalmar Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da kawuna ya dawo Nima daga asibitin Korle Bu da ke Accra bayan bugun zuciya yake tambayata ko wurin da ya lalace zai sake tsirowa. Tsokar zuciya in jini ya yanke mata mutuwa take yi, sai wasu tantanai (ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su) masu faci su toshe gurbin da tabo. Tabo kuwa ba ya bugawa.

Na so in ba shi labarin binciken Deepak Srivastava na cibiyar Gladstone a Amurka. A 2010 shi da abokan aikinsa suka cusa ƙwayoyin gado uku, Gata4 da Mef2c da Tbx5, cikin tantanan faci na ɓera, sai suka koma kamar tsokar zuciya. A 2012 aka yi hakan a jikin ɓeraye masu rai, tabon ya ragu. Bai zama maganin asibiti ba tukuna. Turawa na kiran aikin rifirogiramin, ni kuma na rasa Hausarsa. "Sake tsari" na fara rubutawa. Me kuka gani?

Daga Mamobi: Ƙanena, kada ka soma. Ka ce wa dattijo a sake masa tsari, laya zai ɗauka kake nufi. Ni "rikiɗa" nake gani.

Daga Sabon Zango: Hajiya, a gafarce ni, abin da ya rikiɗa da kansa ya yi, nan kuwa yi masa ake yi. Ga ƙanshin maita a kalmar, marar lafiya zai tsorata. A ce "mayar da yarinta". Ai abin da Shinya Yamanaka na Jafan ya yi ke nan a 2006: ya mayar da tantanin da ya girma kamar na ɗan tayi, har ya samu kyautar Nobel a 2012.

Na ce: Malam, wannan ta dace da aikin Yamanaka sosai, mu riƙe masa ita. Amma hanyar Srivastava ba ta bi ta yarinta ba, kai tsaye mai faci ke komawa mai bugu. Akwai dalili: tantanin da aka mayar jariri na iya yin tsiro in ba a kula ba. Ina son kalmar da za ta ɗauki hanyoyin biyu.

Daga Aboabo, Kumasi: Ɗana, tantanan jiki gida ɗaya suka fito, gadonsu ɗaya, sana'a ce ta raba su. Ɗan maƙeri in ya koyi ɗinki ba a sauya masa jini ba. Ka ce an sauya wa tantani sana'a.

Na ce: Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. "Sauya wa tantani sana'a" ta zauna, a ƙarƙashinta "mayar da yarinta" da "sauyin kai tsaye". Bayan la'asar na gwada ta a kan kawu, bai ce in maimaita ba. Abin da ya tambaya shi ne ko sabon mai bugun zai iya daidaita kiɗansa da na tsofaffin. Masu binciken ma suna kan wannan tambayar.